Karin Maganar Rumawa: Wa Ya Faɗa, Wa Aka Faɗa Wa?

Bahaushe ya saba da karin maganar da ke tafe da mai ita. In ya ce "abin nema ya samu", bai cika tsayawa nan ba, sai ya ƙarasa da "matar falke ta haifi jaki". In ya ce "mu je zuwa", kowa ya san mahaukaci ne ya hau kura. Rabin farko shi ne maganar, na biyu kuma shi ke nuna wanda ya yi ta da halin da yake ciki, kuma da shi ne mai sauraro ke gane ko ya riƙe maganar hannu biyu ko ya yi hattara da ita.

Karin maganar Latin, harshen Rumawan da, yawanci sun iso mana ne babu wannan rabi na biyun. Muna ganin su a bajon makaranta da jikin kuɗi da ƙofar manyan gine-gine. Amurka ta buga E pluribus unum a kuɗinta, wato daga masu yawa aka sami ɗaya. Jami'ar Ibadan na da taken Recte sapere fons, tunani madaidaici shi ne maɓuɓɓuga, wanda aka gutsuro daga wani baitin mawaƙi Horace inda yake yi wa masu son rubutu nasiha. Kalma biyu ko uku ne a tsaye ƙyam, kamar ba daga bakin ɗan Adam suka fito ba. Alhali in aka bi sawun waɗanda suka fi shahara, kusan kullum za a tarar wani ne ya faɗa wa wani, a kan wata matsala takamaimiya. A ganina mafi yawan hikimar tana can inda aka baro ta, kuma ta cancanci a koma a ɗauko.

Mutumin da ya fi kowa bar wa harshen Latin gajerun maganganu bawa ne. Sunansa Publilius Syrus, kuma "Syrus" ɗin laƙabi ne da ke nuna daga ƙasar Sham aka kawo shi Italiya, a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ubangidansa ya ga kaifin bakinsa, ya 'yanta shi, shi kuma ya shiga sana'ar wasan barkwanci a kan dandamali, irin wanda talakawan birni ke cika fili don kallo. Wasanninsa duk sun salwanta. Abin da ya tsira baitoci ne guda-guda, wajen 700, da wasu suka tsince daga cikin wasannin suka jera bisa harufa don a koyar da yara. Kowanne layi ɗaya ne mai kari irin na waƙa, shi ya sa yake saurin zama a ka. Harshen ma ya taimaka, domin a Latin ƙarshen kalma ne ke nuna aikinta a jimla, don haka kalmomi biyar kan ɗauki abin da wani harshe zai buƙaci goma sha biyu.

Ga ɗaya daga ciki: Beneficium accipere libertatem est vendere. Karɓar alheri sayar da 'yanci ne. Wanda bai san mai maganar ba zai ce ai wannan butulci ne, ko girman kai. Amma a Rum bawan da aka 'yanta ba ya rabuwa da tsohon ubangidansa. Doka ta ɗora masa biyayya gare shi, sau da yawa har da kwanakin aiki kyauta. Talakan da aka haifa da 'yancinsa ma yakan yi sammako zuwa ƙofar wani babba ya yi gaisuwa, a ba shi ɗan abin cefane, ranar zaɓe kuma ya san wanda zai bi. Publilius ya rayu a cikin wannan tsari daga ƙasansa, ya san nauyin kyautar da ba ka da ikon ramawa. Mu ma muna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma duk wanda ya taɓa ganin rabon buhunan shinkafa gab da zaɓe ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan baiti.

Publilius ne dai ya ce wanda ya yi wa mabuƙaci alheri da gaggawa, sau biyu ya ba shi. Bayan ƙarnuka aka taƙaita maganar ta koma Bis dat qui cito dat, mai bayarwa da wuri sau biyu ya bayar, mabuƙacin kuwa ya faɗi a hanya. Asarar ba ƙarama ba ce, domin jinkirin kyauta ba ya cutar da mai ƙoshi. Wanda yunwa ke ci ne kwana ɗaya ke yi wa tsawo, kuma shi ne ake tilasta wa ya dawo ya sake roƙo. Publilius ne kuma ya ce sa'a gilashi ce, lokacin da take ƙyalli take fashewa. Ya ce in aka wanke mai laifi, alƙali aka kama da laifi. Ya ce talauci ya rasa abubuwa da yawa, rowa kuwa ta rasa kome.

Wannan na ƙarshen masanin falsafa Seneca ya kawo shi a ɗaya daga cikin wasiƙunsa ga abokinsa Lucilius, kimanin shekara ɗari bayan zamanin Publilius. Ya ce dubi yadda filin wasa ke ɗaukar sowa in aka furta irin wannan baiti, har marowacin da ya fi kowa maƙo yana tafi, yana murna ana zagin halinsa. Seneca ya kawo labarin ne don ya nuna cewa akwai irin gaskiya a zuciyar kowa, gajeriyar magana kuma tana iya tono shi. Amma labarin ya nuna wani abu kuma, cewa mutum na iya yarda da karin magana ɗari bisa ɗari, ya tafa mata, ya koma gida bai sauya kome ba.

Akwai ranar da baiti guda ya fi ƙarfin tafi. Wajen shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Julius Kaisar, wanda a lokacin ya kusa gama murƙushe abokan hamayyarsa, ya shirya wasanni a Rum. Ya matsa wa wani dattijo ɗan shekara 60 mai suna Laberius, marubucin wasanni daga ajin barade, ya hau dandamali da kansa ya kara da Publilius. A al'adarsu mai wannan matsayi in ya yi wasa a bainar jama'a ya zubar da darajarsa ke nan. Laberius bai da ikon ƙi. Sai ya fito da shigar bawa da aka yi wa bulala, yana ihu cewa jama'ar Rum, 'yancinmu na salwanta, sannan ya ƙara da Necesse est multos timeat quem multi timent: wanda mutane da yawa ke tsoro, dole ya ji tsoron mutane da yawa. Marubutan da suka ruwaito labarin sun ce duk filin ya juya yana kallon Kaisar. Kaisar ya ba Publilius nasara, ya mayar wa dattijon zoben zinarensa na baradantaka tare da kuɗi masu yawa. A ranar 15 ga Maris na shekara ta 44 'yan majalisar dattawa suka daddaɓa wa Kaisar wuƙa har ya mutu. Wanda ya karanta baitin a littafin makaranta zai ga kyakkyawar nasiha ga masu mulki. Sai wanda ya san a gaban wa aka faɗe shi zai ga jarumtar da ke ciki.

Ba Publilius kaɗai ne bare ba. Terence, mai wasanni shida da ake karantawa har yau, daga Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yanzu aka kawo shi a matsayin bawa, shi ya sa ake masa laƙabi da Afer, mutumin Afirka. Mahaifin Horace 'yantaccen bawa ne. Seneca kuwa haifaffen Kurɗuba ne ta ƙasar Sifen. Abin da ake kira hikimar Rumawa, wani babban kaso nata ya fito ne daga bakin mutanen da suka zo daga gefe, suka ƙura wa manyan birnin ido domin rayuwarsu ta dogara da sanin halinsu.

To yaya aka yi maganganun suka rabu da asalinsu? Makaranta ce ta fara. Malaman Rum kan ba yara layi guda su kwafa su haddace, masu koyon balaga kuma a horar da su yadda za su rufe hujja da jimla mai kaifi. Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma, Latin ya ci gaba da zama harshen coci da ilimi da shari'a a Turai fiye da shekara dubu, tarin gajerun maganganu kuma shi ne littafin farko na ɗalibi. Masani Erasmus, mutumin Rotterdam, ya yi ƙoƙarin mayar da kowace magana gidanta. Tarinsa mai suna Adagia ya fara fita a Paris a 1500 da karin magana sama da 800, bugun Venice na 1508 ya haura 3,000, kafin rasuwarsa a 1536 kuma sun kai 4,151, yawancinsu da bayanin inda suka fito da yadda ake amfani da su. Amma littafin ya yi wa ɗalibai nauyi, sai aka riƙa buga taƙaitattunsa, bayanin kuma shi ne abin da aka fara zubarwa.

Duba abin da hakan ya haifar. Homo homini lupus, mutum kyarkeci ne ga ɗan'uwansa mutum, ana kawo shi a matsayin hukuncin Rumawa kan halin ɗan Adam baki ɗaya. Asalinsa wasan barkwanci ne na Plautus, wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani ɗan aike ne ya kawo kuɗin jakunan da aka sayar, wani bawa ya yi shigar wakilin gidan yana neman ya karɓe, ɗan aiken ya ƙi, ya ce mutum kyarkeci ne ga mutum matuƙar bai san ko wane iri ba ne. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne zuciyar maganar. Taka-tsantsan ɗin ɗan kasuwa ne da baƙuwar fuska, kuma ƙofa a buɗe take ga amana in an san juna. Da aka yanke sharaɗin sai magana ta koma yanke ƙauna daga mutane gaba ɗaya.

Carpe diem ma haka. Yau an maishe shi taken sharholiya, ci yau kada ka damu da gobe. Waƙar Horace da ya fito daga ciki, wadda ta fita a shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), layi takwas ce kacal, yana magana da wata mace mai suna Leuconoe wadda ta damu da zuwa wajen masu duban taurari irin na Babila don ta san ranar mutuwarta da tasa. Ya ce mata ba a ba mu sanin wannan ba, gara a jure duk abin da ya zo, ko damunan da suka rage masu yawa ne ko wannan ce ta ƙarshe. Ta rage dogon buri, domin muna cikin magana lokaci na gudu. Sannan ya ce ta tsinki yau, kada ta cika dogara da gobe. Horace ba mai tsammanin lahira ba ne, a cikin waƙar ma har cewa ya yi ta tace giyarta, don haka Musulmi ba zai bi shi har ƙarshe ba. Amma hana bin bokaye da gargaɗi kan dogon buri abubuwa ne da mai karatu a nan zai gane nan take, kuma su ne aka jefar.

Wasu kuma juya su aka yi gaba ɗaya. Makarantu da yawa a Turai na da taken Non scholae sed vitae discimus, don rayuwa muke karatu ba don makaranta ba. Seneca akasin haka ya rubuta, yana kuka cewa don makaranta muke karatu ba don rayuwa ba. Vox populi, vox Dei, muryar jama'a muryar Ubangiji, wanda 'yan siyasa ke so, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganinsa a rubuce shi ne wasiƙar malami Alcuin ga Charlemagne, babban sarkin yammacin Turai, wajen shekara ta 800, inda yake cewa kada a saurari masu faɗin haka. Mens sana in corpore sano, lafiyayyen hankali a lafiyayyen jiki, ya zama taken 'yan motsa jiki, har kamfanin takalma na ASICS ya samo sunansa daga wani sigar maganar. Mai ita, mawaƙi Juvenal, yana bayani ne kan addu'o'in da ke halaka masu yin su, wato roƙon mulki da dukiya da kyau da tsawon rai, sai ya ce in dai za ka roƙa, roƙi hankali mai lafiya a jiki mai lafiya, da zuciyar da ba ta tsoron mutuwa. Wannan ya fi abin da aka rubuta a rigar wasanni zurfi nesa ba kusa ba.

Ba kullum ne rabuwa da asali ke zama asara ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Quis custodiet ipsos custodes, wa zai tsare masu tsaron, shi ma na Juvenal ne, daga wata doguwar waƙa mai cike da cin mutuncin mata, inda yake cewa ko ka kulle matarka ka sa mata masu gadi, da su za ta fara. A can magana ce ta mai mugun zato. Da ta bar wannan gidan sai ta zama tambaya mafi muhimmanci da ake yi wa 'yan sanda da sojoji da masu binciken kuɗin gwamnati. Haka shahararriyar maganar Terence, ni mutum ne, babu abin da ya shafi ɗan Adam da nake ɗauka baƙo gare ni: a cikin wasan wani maƙwabci mai shisshigi ne ya kare kansa da ita da aka ce masa ina ruwanka, amma ta fi ƙarfin bakin da ya furta ta. Akwai kuma waɗanda sanin asalinsu ne ke hana su yin ɓarna. A cikin baitocin Publilius akwai mai cewa mace ko ta so ko ta ƙi, babu na uku, da mai cewa mace in ta yi tunani ita kaɗai mugunta take ƙullawa. Daga wasan barkwanci aka ciro su, amma aka jera su kafaɗa da kafaɗa da na gaskiya aka ba yara su haddace. Tsufan magana da kasancewarta da Latin ba sa mayar da ita hikima.

Sannan maganganun na karo da juna, kamar yadda namu ke yi. Sarki Augustus, wanda ya mulki Rum har zuwa shekara ta 14 miladiyya, yana yawan cewa yi sauri sannu a hankali. Da Girkanci yake faɗa, daga baya ya shahara da Latin a matsayin Festina lente. Marubucin tarihinsa Suetonius ya ce yakan kwatanta mai jefa babban abu cikin haɗari don ƙaramar riba da mai kamun kifi da ƙugiyar zinare, wadda in ta tsinke babu kifin da zai biya ta. A ɗaya gefen ga Fortes fortuna iuvat, sa'a na taimakon jarumai. A shekara ta 79, da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, Pliny babba, kwamandan jiragen ruwan Rum a Misenum, ya fita ceto mutanen bakin teku. Toka da duwatsu na zuba a kan jirgi, matuƙin ya ba shi shawarar a juya, shi kuwa ya faɗi wannan magana ya ce a ci gaba. Ya mutu a gaɓar Stabiae. Ba zan ce ya yi kuskure ba, domin rayukan mutane ya je nema. Abin da labarin ke nunawa shi ne babu ɗaya daga cikin maganganun biyu da ke gaya maka lokacin amfani da ita. Wannan hukuncin naka ne. Haka yake tsakanin mai cewa in kana son zaman lafiya ka shirya wa yaƙi, wanda aka taƙaito daga marubucin dabarun yaƙi Vegetius, da abin da masanin tarihi Tacitus ya sa a bakin wani jagoran mutanen arewacin Birtaniya game da Rumawa kansu, cewa sukan mayar da ƙasa kufai su kira shi zaman lafiya.

Rumawa sun san wannan haɗari, kuma babu waɗanda suka fi lauyoyinsu saninsa. Seneca ya ce abin kunya ne dattijo ya zama hikimarsa duk daga littafin hadda take, yana wane ya ce, wane ya ce, kai kuma me ka ce? Cicero, shahararren lauya kuma ɗan siyasar Rum, ya kawo karin maganar da ya ce ta riga ta tsufa tun a zamaninsa, Summum ius summa iniuria, tsananin bin harafin doka tsananin zalunci ne, ya ba da misalin wani shugaban yaƙi da ya ƙulla tsagaita wuta ta kwana 30, sai ya riƙa lalata gonakin abokan gaba da dare, wai yarjejeniyar rana ta ambata. A shekara ta 533 sarki Justinian, mai mulkin daular gabas, wato Rum ɗin da Alƙur'ani ya ambata, ya sa aka tattara fatawoyin tsofaffin masana shari'a a littafi mai juzu'i 50. Babin ƙarshe ƙa'idoji ne gajeru guda 211, kuma ta farkonsu, daga masani Paulus, gargaɗi ce: ba daga ƙa'ida ake ciro hukunci ba, daga hukuncin da ke akwai ake gina ƙa'ida. Wato gajeriyar magana taƙaitawa ce ta shari'o'in da aka riga aka auna, ba ta maye gurbin aunawar. Ɗalibin fiƙihu da ya karanta ƙawa'id zai ga ya san wannan hanya. Zai kuma gane wata maganar Paulus, cewa kawo hujja na kan mai da'awa ba kan mai musu ba, domin ya haddace hadisin da ya ɗora hujja kan mai ƙara, rantsuwa kan wanda ya musanta.

Daga wannan gado, ta hanyar shari'ar Ingila, maganganu biyu suka shigo kotunan Najeriya suka zauna daram: Audi alteram partem, saurari ɗaya ɓangaren, da Nemo iudex in causa sua, ba wanda zai zama alƙali a shari'ar da ta shafe shi. Su ne ginshiƙan sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 kan haƙƙin a saurari mutum bisa adalci. Ta farkon ana yawan jingina ta da wasu baitoci a wasan Medea na Seneca: wanda ya yanke hukunci bai ji ɗaya ɓangaren ba, ko hukuncin ya dace, shi bai yi adalci ba. Mai maganar, Medea ita kanta, baƙuwa ce da sarki ke kora daga ƙasarsa, mace mai jini a hannu, wadda kafin wasan ya ƙare za ta kashe sarkin da 'yarsa da 'ya'yan cikinta. Wannan asalin ya ƙara wa ƙa'idar ƙarfi, domin ya nuna ba don mutanen kirki kaɗai aka yi ta ba. Ana sauraron wanda ake zargi ne tun kafin a san ko wane ne shi.

An gwada hakan a arewa. A 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya, jami'a ta kafa kwamitin bincike ta kori ɗalibai da dama. Ɗaliban suka kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1986 ta soke korar. Daga cikin dalilanta akwai cewa shugaban kwamitin, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, don haka bai kamata ya zauna kan shari'ar ba, kuma laifuffuka irin su ƙone-ƙone kotu ce ke da hurumin yanke hukunci a kansu. Kotun ba ta ce ɗaliban ba su yi laifi ba, ta ce hanyar da aka bi aka hukunta su ce ba ta inganta ba, kuma har yau lauyoyi na kafa hujja da wannan shari'a idan makaranta ko ma'aikata ta kori mutum ba tare da ta saurare shi yadda ya kamata ba.